Wa Ya Dafa Musu Abinci?

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin gandun daji aka ba ni aikin rubutu kan tarihin saran itace a Amurka. Mako uku ina tara bayanai: yawan gumaguman da aka sare, yadda layin dogo ya kutsa cikin dazuzzuka, irin zarton da ake aiki da shi. Na kai wa malamina ina ganin na gama. Ya karanta shiru, sannan ya ɗago kai ya ce, "To, waɗannan mutanen naka, wa ya dafa musu abinci? Kuma duk Turawa ne?" Na ce, "Malam, haka na gani a hotuna." Ya miƙo mini takarduna ya ce in koma.

Da na koma, labarin da ya fara tsaya mini a rai shi ne na Maxville, wani ƙaramin gari a jihar Oregon. Kamfanin katako na Bowman-Hicks ne ya kafa shi a 1923, ya kwaso ƙwararrun masu saran itace daga kudancin ƙasar, cikinsu har da baƙaƙen fata. A lokacin kuwa tsarin mulkin jihar yana ɗauke da dokar da ta hana baƙar fata zama a cikinta, sai a 1926 aka soke ta. Wato ana son ƙarfinsu, ba a son zamansu. Da rana a daji tare ake aiki, domin in bishiya ta tashi faɗuwa ran kowa yana hannun na kusa da shi. Da yamma kowa ya kama unguwarsa, yara ma makarantarsu daban. A 1933 kamfanin ya rufe, garin ya watse. Abin da ya fi sosa mini zuciya shi ne Gwendolyn Trice, wadda ta kafa cibiyar adana tarihin garin, sai da ta girma sannan ta san mahaifinta ya yi aiki a can. Idan 'yar cikinsa ba ta sani ba, ina ga ni da ke karatu daga wata nahiya?

A kudancin ƙasar kuwa baƙaƙen fata ba 'yan tsiraru ba ne a sana'ar. Su ne ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin ƙarfi a dazuzzukan Louisiana da gabashin Texas, ga albashi kaɗan, ga bashin kantin kamfani da ke ɗaure mutum ya kasa tafiya. A nan aka kafa wata ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan katako a 1910. A taronta na 1912 a garin Alexandria na jihar Louisiana, baƙaƙe da farare suka zauna a zaure ɗaya duk da wariyar da ake yi a jihar. Ta kuma karɓi mata a matsayin mambobi masu kaɗa ƙuri'a, shekara takwas kafin matan ƙasar baki ɗaya su samu 'yancin zaɓe a 1920. An biya irin wannan haɗin kai da jini. A garin Bogalusa na Louisiana, a watan Nuwamban 1919, an harbe fararen fata huɗu 'yan ƙwadago da suka tsaya wa Sol Dacus, baƙar fata mai shirya ma'aikata.

Tambayar abinci ita ma ta zo mini da abin da ban zata ba. A sansanoni da yawa maza ne masu girki. Amma a garuruwan katako mata ke wanki, su ke saukar da leburori 'yan haya a gidajensu suna ciyar da su, kuma wannan wahalar ba ta shiga littafin albashi. Sun kuma riƙe injin da kansu. Bayan guguwar 1938 ta kayar da bishiyoyi birjik a jihar New Hampshire, an jibge gumagumai a tafkin Turkey Pond don kada su ruɓe. Yaƙi ya kwashe maza, sai a 1942 aka buɗe injin yankan katako a bakin tafkin wanda mata ke tafiyar da shi, cikin tsananin sanyi.

Kuskurena shi ne na ɗauki hoto da littafin kamfani a matsayin duk abin da ya faru, alhali mai hoto yana zaɓen wanda zai ɗauka, akawu kuma gungume yake ƙirgawa.

Yanzu aikina yakan kai ni kasuwar katako in ɗauki bayanai. Kwanan baya na gama da masu rumfa, har na rufe littafina, sai na hango wata dattijuwa mai tuwo tana zuba wa 'yan dako abinci bashi. Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, shekara nawa kika yi a nan?" Ta ce tun kafin a kawo injin farko. Na sake buɗe littafin.