Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ungulayen Mayankar Garinmu

A makon jiya na tsaya ne a inda aka kira ni a waya ina shagon maigidana a Kantin Kwari, aka ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a mayanka. Da asubar fari na hau motar Haɗeja, daga can na samu ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni garinmu. Farkon daminar 2014 ke nan.

Na tarar da shi kwance a ɗakin Inna, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Mutumin da ke kayar da bijimi shi da yaro ɗaya, ga shi sai an tallafe shi kafin ya kurɓi koko. Muka kai shi asibiti a Kano, likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Aka rubuta magani, aka ce a riƙa kawo shi gashin ƙashi. Tumakin Inna ne suka fara tafiya, sannan aka jinginar da gonar fadama. Teburin fawa kuwa ya koma hannun Auta, wanda a lokacin ko shekara ashirin bai cika ba. Duk wanda ya san fawar ƙauye ya san ribarta: akuya biyu ran kasuwa, rabin naman a bashi, sai kaka ta yi a biya ka.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, dole in ba ku labarin Baba da ungulu, in ba haka ba za ku ɗauka rikicin tsufa ne kawai.

Muna yara, in ka nufi mayankarmu da hantsi, tun daga nesa za ka hango su jere a kan rufin kwano da rassan babbar tsamiyar da ke bayan rijiya. Da an gama fiɗa an wanke tumbi da hanji, sai su sauko. Kafin azahar wurin ya yi fes, ba guntun kitse, ba daskararren jini. In jaki ya mutu a bayan gari, kafin wari ya iso gidaje sun gama da shi. Mutane na ƙyamarsu, ana zagin ƙazami da sunansu, amma Baba abokan sana'a yake ce musu. Yakan ware musu rabonsu kafin ya ɗaure wuƙaƙensa, kuma duk yaron da ya gani da danƙo a gindin tsamiyar nan, ko ɗan wane ne, sai ya ƙwace. Yakan ce wanda ke raina ungulu bai taɓa kwana kusa da mushe ba.

Tun kafin in tafi Kano sun fara raguwa. Manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, rimi da tsamiya da maɗaci, masu gawayi da masu itacen girki sun bi su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da Baba ya kwanta, 'yan kaɗan ne suka rage, duk a kan tsamiyar mayanka suke kwana.

Ana cikin haka wasu baƙi biyu suka zo a mota. Suka sami Sarkin Fawa suka ce kan ungulu suke saye, da ƙafafu, da ƙwai in akwai. Ya ce su tashi su ba shi wuri. Ba su bar garin ba. Da dare suka lalubo Auta. A makon nan maganin Baba ya ƙare, ni kuma na koma Kano, maigidana bai ba ni kuɗin wata ba tukuna. Abin da suka nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba a ganinsa: ya bar musu tumbi ɗaya da kayan ciki a bayan rijiya, ya kuma yi kamar bai ga komai ba. Kuɗin da suka damƙa masa ya fi ribar da yake samu a wata.

Maganin ƙwari na gona suka barbaɗa wa naman. Masu zuwa ɗiban ruwa ne suka fara gani. Ungulayen na zube a ƙasa, waɗansu a gindin tsamiya, waɗansu sun ɗan tashi sun faɗo cikin gero, duk an sare kawunan. Ba su kaɗai ba, har da hankaki da shirwa, da karnukan wani maharbi guda biyu. Baƙin kuwa ko ƙurarsu ba a gani ba.

A lokacin na ɗauka masifa ce da ta faɗa wa garinmu shi kaɗai. Daga baya na gane kasuwa ce babba, mai dillalai, mai tsallaka iyakokin ƙasashe. Bokaye da 'yan tsibbu ke haɗa kan ungulu ga masu neman sa'a, ko mulki, ko kasuwa, ko nasara a shari'a. Shekara ɗaya bayan abin da ya faru a wurinmu, a 2015, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, an tsinci da yawa babu kai, irin yadda aka yi wa namu. Ita kuma ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka hallaka a safiya ɗaya ba ya dawowa a shekara goma. A Indiya maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, shi ya kusa share musu ungulaye tun daga shekarun 1990, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Da mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Mu ma mun ɗanɗana namu. Kafin damina ta fita mayankarmu ta koma wurin da sai ka toshe hanci, ƙuda ya yi mata baƙi, mata suka daina ɗibar ruwa a rijiyar.

Har yau in na tuna, ba Auta nake jin haushi ba. Haushina yana kan mai babbar riga da ke zaune cikin sanyin mota yana jiran a kawo masa laya, bai taɓa ganin tsuntsun na shure-shure ba, bai kuma san yaron da aka saya da kuɗin maganin ubansa ba.

Mun so mu ɓoye wa Baba. Wani abokinsa ne ya zo dubiya, bayan an yi ya jiki da sauƙi, sai ya kwashe labari kaf ya faɗa masa, bai san da hannun ɗan gidan a ciki ba. Baba bai ce komai ba sai da baƙon ya fita. Sannan ya dubi ledar maganin da ke gefen katifa, ya sa a kira Auta. Maganarsa ba ta fita sosai a lokacin, amma kowa ya ji wannan.

"Kuɗin wannan, daga ina?"

Auta ya durƙusa ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mini. Na ga ba ka da na sha ne."

"Mace ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya," in ji Baba. "Kai nawa ka kashe? Kuma don a kai wa boka."

Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ya ƙi shan maganin. Inna ta yi roƙon duniya. "Malam, ka dubi girman Allah. Yaro ne, tausayinka ne ya ja shi." Ya ce a fitar masa da ledar daga ɗaki. Aka yi mini waya na ranto kuɗi na sayo wani, na nuna masa rasit, na rantse masa da gumina ne, sannan ya karɓa. Amma in Auta ya shigo gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice ya rufe ido. Yaron da yake goyawa a kafaɗa zuwa kallon dambe, wanda ya koya wa riƙon wuƙa da hannunsa. Auta ya daina cin abinci a gida. Ya rame har ya fi mai jinyar.

Ciwon ya sake bugun Baba bayan Babbar Salla, wannan karon ya ɗauke maganar gaba ɗaya. A daren ƙarshe Auta ne ke riƙe da hannunsa na hagu yana yi masa kalmar shahada. Inna ta ce ta ga Baba ya matse yatsunsa, ta ce yafiya ce. Auta ya ce shi bai ji komai ba. Sun kasa daidaitawa a kan wannan har yau, ni kuma ina waje ina neman mota lokacin.

Aka yi jana'iza da hantsi. Rundawa suka zo daga garuruwan kewaye, aka yi zaman makoki, ana ta ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Inna ta shiga takaba. Auta ya zauna a ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa da kai kawai, domin a lokacin magana ta riga ta zaga gari, akwai masu miƙa wa kowa hannu su tsallake shi.

Washegarin sadakar bakwai aka wayi gari ba ya ɗakinsa. Ya bar wuƙaƙen Baba a ƙofar Inna, a naɗe cikin buhu, ya ɗauki kayan sawarsa kawai. Sai da wata ya kusa cika wani direban tirelar shanu ya ce ya gan shi a mayankar Agege, a Legas, yana dakon nama a ka. Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ranar sai ta kira ni har bakin ɗakinta ta ce, "Kai, ka je ka dawo mini da shi."

Yadda na shiga Legas ban san kowa ba, da halin da na tarar da Auta a ciki, shi ne za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.