Suma ta yi, ba mutuwa ba: yadda muke farfaɗo da kyamarar tsaro

Da misalin ƙarfe tara na dare wani Alhaji da muka saka wa kyamarori a gidansa da ke Hotoro ya kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ta bakin get ta mutu." Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya faru kafin ta mutun?" Ya ce ba komai, rubutu ne dai ya fito masa a waya cewa akwai sabon afdet, sai ya danna. Yana zaune yana kallon lambar tana hawa, ta haura sittin, aka ɗauke wuta. Maigadi ya tayar da janareta, komai na gidan ya dawo, ban da ita.

Sana'ata ke nan. Ɗan ƙaramin shago ne da ni a Kano, ni da yara uku. Muna saka kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna da makarantu da sito-sito, sai kuma ƙararrawar ƙofa mai kyamara da ta fara shigowa gari. Kayan aiki muna ɗauka a Sabon Gari, abin da babu mu yi oda daga Alaba a Legas. Saka kyamara ba abu ne mai wuya ba, duk yaron da ya iya hawa tsani da riƙe dirila zai koya cikin wata biyu. Ranar da ta ƙi tashi, ranar ake gane wanda ya san aikin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kyamarar nan kwamfuta ce ƙarama. A cikinta akwai manhajar da ke tafiyar da komai: ɗaukar hoto, kunna fitilun dare, magana da waya, adana bidiyo. Idan ka danna afdet, kyamarar tana sauke sabuwar manhaja, ta goge tsohuwar, ta rubuta sabuwar a gurbinta. Kamar mai canza rufin ɗaki ne. Ya ɗaye tsohon kwano, bai gama buga sabo ba, hadari ya taso. Waɗannan mintuna biyar zuwa goma su ne lokacin da kyamara ba ta da rufi. Wasu sababbin samfura suna ajiye manhaja biyu, idan ɗaya ta lalace su koma kan ɗayar, amma masu arahar da suka cika kasuwarmu yawanci ba su da wannan gatan.

Sai dai akwai wani ɗan sashe da afdet ba ya yawan taɓawa, wanda aikinsa kawai ya tashe ta idan wuta ta shiga, ya nemo manhajar ya ɗora. Muddin wannan yana da rai, kyamarar suma ta yi. Abin da na faɗa wa Alhaji ke nan a daren, na roƙe shi kada ya bari kowa ya yi ta cirewa da mayar da ita a soket, kada kuma a danna komai.

Da safe na je da yaro ɗaya. Abin da na fara yi shi ne tsayawa a ƙarƙashinta ina kallo da saurare. Fitilarta ja ce, takan kama na ɗan lokaci, ta mutu, ta sake kamawa. Ga wani ɗan ƙas da ake ji idan kyamara mai lafiya tana tashi, ƙarar gilashin da ke sauya ta daga ganin rana zuwa ganin dare. Wannan ba ta kai ga yin sa ba. Wato tana ƙoƙarin tashi tana faɗuwa. Na ji daɗi, domin wadda ta mutu da gaske ko fitila ba ta kunnawa.

Muka sauko da ita. Ban yarda in yi wa kyamara aiki tana manne a bango ba. A kan tebur, da adaftar da na yarda da ita, a jikin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, wanda nake yawo da shi a but ɗin mota. Na juya bayanta na karanta lambar samfur da lambar zubin da ke kan sitika, harafi bayan harafi, na shiga shafin kamfanin na sauke fayil ɗin da ya dace da su biyun. Na ɗauki memori ƙarami, na goge shi a tsarin FAT32, na zuba fayil ɗin a fili ba a cikin folda ba, na saka, na danne maɓallin riset sannan na ba ta wuta. Fitilar ta canza salon kiftawa. Daga nan sai haƙuri. Yaron ya miƙa hannu zai ɗaga ta ya duba, na riƙe masa hannu. Bayan minti bakwai ko takwas muka ji ƙas. Alhaji da ke tsaye a kanmu da carbi a hannu ya ce, "Ikon Allah, da har na ce a sayo wata."

Ba kowace kyamara ce ke karɓar magani ta memori ba. Manyan kyamarorin kamfanin Hikvision masu kebul, alal misali, da wata hanyar ake bi. Idan suna tashi sukan leƙa ta kebul su ga ko akwai kwamfutar da ke riƙe musu da fayil. Sai ka haɗa kyamarar da laftof, ka ba laftof ɗin adireshi, wato lambar da na'urori ke gane juna da ita, 192.0.0.128, ka kunna 'yar manhajar tura fayil mai suna TFTP, da fayil ɗin manhajar kyamarar mai suna digicap.dav a gefenta, ka kashe katangar tsaron Windows na ɗan lokaci, sannan ka ba kyamarar wuta. A yawancin tsofaffin samfura ita da kanta za ta zo ta ɗauka. Masu gyaran waya a Farm Centre fulashin suke ce wa irin wannan, mu ma haka muke cewa. Kafin a kai ga nan kuwa, sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau, adireshinta ne kawai ya koma na kamfani bayan afdet, rikoda, wato akwatin da ke adana bidiyon kyamarorin, ta daina ganinta. Hikvision tana komawa 192.168.1.64, ta kamfanin Dahua kuwa 192.168.1.108. Manhajar SADP ko ConfigTool za ta nemo maka ita cikin daƙiƙa kaɗan. Na sha zuwa wurin da aka riga aka yanke hukuncin jefar da kyamara, alhali gyaran bai wuce sauya lamba ba.

Cikin abubuwan da ke lalata afdet, ɗauke wuta shi ne wanda kowa ya sani, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wanda ya fi shi ɓoyewa, wato adafta. Kyamara tana son volt 12 tsayayye. Adaftar araha za a rubuta mata amfiya biyu a jiki, ba ta ba da ko kusa. Da rana sai ta yi ta lallaɓawa. Da magariba ta yi, fitilun ganin dare suka kunnu, jan wuta ya ƙaru, sai kyamara ta mutu ta sake tashi, maigida bai ma sani ba. Idan afdet ya faɗo a daidai wannan lokaci, shi ke nan. Haka doguwar waya siririya: a bakin adafta mitar awon wuta za ta nuna maka 12, a bakin kyamara ta nuna 10 da ɗoriya. Shi ya sa nake auna wuta a can ƙarshen, kuma ba na yin afdet da dare. Kebul ɗin da ke ɗaukar wuta da hoto tare shi ma iyakarsa mita 100 ce, kuma wanda aka shafa wa ruwan tagulla a sama, cikinsa aluminiyam, ba ya kai wa nan da lafiya. Araha ba ta ado.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo kuwa daga shagona ya fito. Wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari yana da kyamarori shida iri ɗaya a ido. Na tura yaro ya sabunta su, ban ce masa ya duba sitikar kowacce ba. Huɗu suka tafi daidai. Biyu suka tashi da rubutun Sinanci, rikodar ta ƙi karɓarsu. Ashe waɗannan biyun an ƙera su ne don kasuwar cikin Sin, wani ɗan kasuwa a hanya ya ɗora musu manhajar Turanci ta bayan fage ya sayar. Afdet na gaskiya ya wanke wancan kwaskwarimar. Kuma komawa baya ba kullum yake yiwuwa ba, domin kamfanoni da yawa suna toshe hanyar sauka zuwa tsohuwar manhaja. Na saya masa biyu daga aljihuna, domin ni na tura yaron. Tun daga ranar, duk kyamarar da ba mu muka sayo ta ba sai an ɗauki hoton sitikarta an turo mini kafin a taɓa ta.

Ita ƙararrawar ƙofa halinta daban. Yawanci 'yan uwa ne ke aiko da ita daga Amurka ko Ingila, kuma ba ta tambayarka, da kanta take afdet idan ta samu intanet. An ƙera ta don gidan da ƙofarsa ke taku kaɗan daga falo. Mu kuwa ga katangar bulo, ga get na ƙarfe, ga tsakar gida, rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana can ɗakin maigida a sama. Siginar da ke isa bakin get ta ishi a ga hoto yana yankewa, ba ta isa a sauke fayil ba tare da tsinkewa ba. Wata Hajiya a Nassarawa ta ce mini tata kwana uku tana kiftawa ba ta ringin. Da na duba ƙarfin siginar a manhajar wayarta, ya wuce -70, wato ya yi rauni sosai, ga batirin ya yi ƙasa don rana na dukansa tun hantsi. Na kwance ta, muka shiga da ita falo, ta sha caji, na ajiye ta kusa da rauta a kan layin Wi-Fi na 2.4, wanda shi yawancinsu suka sani, ba na 5 ba. Kafin a idar da sallar la'asar ta gama abinta. Daga baya muka ja kebul muka sa wata 'yar rauta kusa da ɗakin maigadi. Ƙararrawar da ake ja wa wayar wuta irin su Ring Pro kuma taransifoma suke so mai ba da volt 16 zuwa 24, kuma wadda ake haɗa su da ita a Amurka ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230. Sai kuma data: a duba kada ta ƙare a tsakiyar aiki.

Wasu abokan sana'a sun yanke shawarar cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Suna ce wa kwastoma kada ya kuskura ya yi afdet har abada. Ban yarda da wannan ba, kuma ina faɗa musu a gabansu. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban kyamarori da rikodoji da aka bari da kalmar sirrin kamfani, aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafukan intanet ke dogara da shi, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da dama a Amurka. A 2021 an gano wata kafa a kyamarorin Hikvision da yawa wadda ke ba baƙo damar karɓe kyamara ba tare da kalmar sirri ba, kuma afdet ɗin da kamfanin ya fitar ne ya toshe ta. Kyamarar da muke sakawa tana kallon tsakar gidan mutum, inda iyalinsa ke zirga-zirga ba mayafi. Amana ce aka ba mu. Ba zan bar ƙofa a buɗe ba don ina tsoron makulli ya karye a hannuna.

Abin da nake yi yanzu, duk gidan da muka yi wa aiki, rikoda da rauta da wutar kyamarori suna kan inbata ko UPS, ta yadda ko an juya canjoba ba za su ji ba. Inda manhaja ta ba da dama, ina kashe afdet na kai-tsaye, in zagayo da kaina bayan 'yan watanni, da hantsi, in yi su ɗaya bayan ɗaya, in fara da wadda ta fi sauƙin saukowa. Akwai littafi a shago da muke rubuta samfurin kowace kyamara da lambar manhajar da ke kanta da ranar da aka taɓa ta.

A gidan Alhaji ma haka aka yi. Mun mayar da wutar kyamarorin kan inbatarsa a ranar, muka canza adaftoci biyu da na auna na ga ba su cika ba. Bayan wata biyu ya sake kira, wannan karon da rana. Ya ce, "Malam, rubutun nan ya sake fitowa, ban taɓa ba." Na ce, "Allah ya ƙara girma, a bar shi haka, gobe da hantsi ina tafe."