Ƙwallon fizge tsumma a unguwarmu

A wannan hutun lakwal, wani mushe, wato malamin makaranta, a unguwarmu nan Yamai ya tara yara a fili yana koya musu ƙwallon Amurka, amma irin wadda ba a kayar da kowa. Na raka ƴar ƙanwata, na tsaya kallo.

Kowane yaro da ɗamara a ƙugu, tsummoki biyu suna reto hagu da dama. Ka fizge na mai riƙe da ƙwallo, shi ke nan, nan wasa ya tsaya. Biyar-biyar ake yi, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6. Ba kwalkwali, ba sulke. Tsummokin ma daga ragowar yadin tela aka yanko.

Abin da ya fi burge ni ƴan mata ne. A tamola kullum gefe ake tura su, a nan kuwa zille da saurin ƙafa ke aiki, kamar a langa. Yarinyar da ba ta rabuwa da wayar uwarta, wai ita ce ke tashin gida tun asuba, don kafin rana ta take mushe ya sallame su.

Kada ku raina wasan nan. A 2023 aka amince da shi cikin wasannin Olamfik, za a fara a Los Angeles a 2028. Maƙwabtanmu Najeriya har sun ɗauki kofin Afirka a Masar a 2025, maza da mata.

Iyaye, don Allah a riƙa haɗa yara da gorar ruwa. Wasu haka suke zuwa hannu rabbana, mushe ke saya musu daga aljihunsa.