Jan layi dubu, kuskure ɗaya

Shagona na buga takardu a Samaru yake, kuma rabin abincinmu daga kundin digiri yake fitowa. Yawancin ɗalibai da Word suke zuwa. Amma 'yan lissafi da kimiyyar lissafi da wasu injiniyoyi, musamman masu digiri na biyu da na uku, da LaTeX suke kawo aikinsu, su ne kuma suka sa na koyi abin da zan faɗa.

Ga wanda bai sani ba, LaTeX ba irin rubutun da kake gani yadda zai fito ba ne. Rubutu ne tsagwaronsa, cakuɗe da umarni. Kana son babi, ka rubuta \chapter, kana son ambaton wani marubuci, ka rubuta \cite da lakabin da ka ba shi, lissafi kuma ka kewaye shi da alamar dala. Sai an sarrafa fayil ɗin sannan shafi mai kyau ya fito. Donald Knuth ne ya fara ƙirƙiro TeX a 1978, Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kai cikin shekarun 1980. A wajen tsara lissafi, har yau ban ga kamarsa ba.

Ranar da aka fara kawo mini irin wannan aiki a duba kuskuren rubutu, sai na kwashe shi gaba ɗaya na zuba a Word. Allo ya yi ja wur. Kowane umarni kuskure ne a wurinta, kowane lakabi kuskure ne. Na yi ta danna “wuce” har hannuna ya saba, idona ya daina gani. A cikin wucewar nan na wuce da kuskure na gaske, a taken babi na uku kuwa, da manyan baƙaƙe. An buga kwafi biyar, an ɗinke da kwali. Ni na biya kuɗin sakewa, don laifina ne.

Daga nan na nemi kayan aikin da suka dace. Aspell da Hunspell, manhajojin duba kuskuren rubutu, duk suna da yanayin da suke gane LaTeX: ka ƙara musu -t, sai su tsallake umarnin su duba kalmomi kawai. TeXstudio, manhajar rubuta LaTeX, da Hunspell take aiki, Overleaf ma, wadda ake rubuta LaTeX a kanta ta intanet, tana jan layi kana cikin rubutu. Aspell na fi so, saboda ana iya gaya mata umarnin da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa ta daina taɓa abin da ke cikinsu, kuma ɗaliban lissafi ba sa rabo da ƙirƙirar nasu. Abu na farko da nake yi shi ne saita ƙamus ɗin kan Turancin Ingila, don shi malamai suka fi nema, in ba haka ba sai ta ce “colour” kuskure ne.

Duk da haka tana da inda take tuntuɓe. Sunan Schrödinger, in an rubuta ɗigo biyun nan da umarni, sai ta raba shi gida biyu ta ce ba ta san ko ɗaya ba. Haka sunayenmu da na garuruwanmu. Saboda haka muna da jerin kalmomi na shago, wanda ya yi shekaru yana girma, duk sunan da muka tabbatar sai mu zuba shi ciki. Na hana yaran shago ƙara kalma ba tare da na gani ba, domin in kuskure ya shiga jerin nan, ya samu wurin zama ke nan har abada.

Inda abin ya fi ba ni ciwon kai shi ne Hausa. Wani lokaci akwai godiya ko sadaukarwa da Hausa, ko kundin nazarin harshe mai misalai. Masu tsohuwar hanya kan rubuta ƙ da \texthtk, kalma ta tsinke a tsakiya. Ni ina mayar da su XeLaTeX, wata hanyar sarrafa LaTeX da ke karɓar irin waɗannan baƙaƙen, a buga ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, da salon baƙi irin Charis SIL. Amma ko an yi haka, wace manhaja ce za ta gaya maka “baƙi” ake nufi ba “baki” ba, ko “ƙafa” ba “kafa” ba? Duka kalmomi ne. Haka “form” da “from” a Turanci, ko “casual” da “causal”, wanda ya taɓa juya ma'anar sakin layi guda a aikin wata 'yar ƙididdiga.

Shi ya sa in mun gama da na'ura, sai mu fitar da PDF mu buga a takarda, ko da bayan tsofaffin takardu ne. Na ɗauki jan biro da rula, ina bi layi-layi, take da rubutun ƙasan hotuna kuma sau biyu. Jiya wani ya tsaya a kaina yana duba agogo.

“Oga, ba kwamfuta ta riga ta duba ba?”

“Ta duba, malam. Zo ka ga shafi na 47.”

Ya leƙa, ya yi shiru, ya jawo kujera ya zauna.