TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Ranar da muka je gidan Jefferson

Salamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya a inda na fara sabawa da zaman Charlottesville a jihar Virginia ta Amurka. To a garin nan ba yadda za ka yi ka guje wa sunan Thomas Jefferson, jami'ar da nake karatu ma shi ya kafa ta a 1819, don haka da aka ce za a kai mu gidansa Monticello da ke kan tudu ban yi wata-wata ba na bi.

Mutumin nan fa yana da shekara 33 ya rubuta takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776, daga baya ya zama shugaba na uku daga 1801 zuwa 1809, kuma a zamaninsa aka sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninka girmanta. Ga son karatu, da sojojin Ingila suka ƙona majalisar dokokin Amurka da ɗakin karatunta a 1814 littattafansa sama da 6,000 ya sayar wa majalisar, a ciki har da fassarar Alƙur'ani da ya saya tun yana ɗalibin lauya.

Amma wallahi abin da ya tsaya min a rai yana gefen gidan ne, layin da bayinsa suka zauna, Mulberry Row. Nan aka nuna mana inda yara 'yan shekara 10 zuwa 16 suke wuni suna ƙera ƙusa, ana auna abin da kowa ya ƙera. Wanda ya rubuta cewa duk mutane daidai aka halicce su, shi ne ya mallaki mutane sama da 600 a rayuwarsa, kuma bayan rasuwarsa ranar 4 ga Yuli 1826 aka yi gwanjon wajen 130 saboda bashin da ya bari, aka raba uwa da 'ya'yanta. Jikina ya yi sanyi sosai.

Daga nan muka gangara kabarinsa. Abu uku ya ce a rubuta: takardar 'yanci, dokar 'yancin addini ta Virginia, da jami'ar. Shugabancin ƙasa bai sa ba, bayin ma babu su.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin azumina na farko a can.