Harsashin da ya huda rufin ɗakin yarana

A daren wata Alhamis ana bikin aure a bayan layinmu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ana ta harbi sama kamar yadda wasu suka mayar da shi al'ada, sai muka ji wani abu ya bugi kwanon rufin ɗakin yara. Da gari ya waye na tarar da huji a kwanon, hasken rana na ratsowa ta cikinsa, harsashin kuwa yana ƙasa, taki ɗaya daga gadon da 'yata ke barci. Na ɗauke shi, na kankare ƙasar da ta manne masa da bakin wuƙa, na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin ɗan sanda har ya ajiye.

Ya karɓa da gefen rawaninsa, ya juya shi a hankali, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka sa masa wuƙa? Ai shaidar da ke jikinsa kake gogewa." Na ce, "Baba, wace shaida ce a jikin ƙarfe?" Sai ya matso da shi kusa da idona, ya nuna mini zane huɗu a jikinsa, duk sun karkata dama.

Cikin bututun bindiga ba sumul yake ba. Masu ƙira suna yanka masa kwari a murɗe domin harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi saiti, kuma da yake jikin harsashi ya fi ƙarfen bututun taushi, kwarin nan sukan bar tambarinsu a kansa. Yawan zanen, faɗinsa da ɓangaren da ya karkata su ne ke nuna irin bindigar. Kalashnikov, wadda ta cika gari tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kwari huɗu gare ta masu murɗawa dama, harsashinta kuma milimita 7.62 ne. Amma wannan jinsi kawai ya nuna, kamar a ce ɓarawo dogo ne. Abin da ke ware bindiga ɗaya daga 'yan'uwanta shi ne ƙananan ƙarzunan da ido ba ya gani, waɗanda kayan ƙira, tsatsa da yawan harbi suka bari a cikin bututun.

Idan aka kama bindigar da ake zargi, masana sukan harba ta cikin tankin ruwa domin a tsamo harsashin bai lotse ba, sai a ɗora shi tare da wanda aka tsinto a ƙarƙashin madubin kwatance, wato madubai biyu masu kambama abu da aka haɗa su wuri ɗaya, ta yadda mai bincike zai ga rabin wannan a manne da rabin wancan, yana juya su har layukan su hau kan juna ko su ƙi. Masanin binciken harsashi Calvin Goddard da abokan aikinsa ne suka shigo da wannan madubi cikin aikin a Amurka a 1925. Kwanson harsashi ma yana ɗauke da tasa shaidar, domin tsinken da ke dukan gindinsa da ƙugiyar da ke fizgo shi waje duk suna barin alama.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda wannan ilimi ya taɓa tarihin ƙasar nan. Duk wanda ya zauna a Khartoum ya san Ma'amal Istak, wato ɗakin gwaje-gwajen lafiya na birnin, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan, Lee Stack, Gwamna Janar na Sudan, harbe shi aka yi a Alƙahira ranar 19 ga Nuwamba 1924, ya cika washegari. Likitan binciken laifi Sydney Smith ne ya duba harsasan, ya gwada bindigogin da aka kama, ya nuna cewa wata ƙaramar bindiga ƙirar Colt mai aibi a bututunta tana barin irin alamar da ke jikin harsashin kisan.

Duk da haka aikin yana da iyaka, kuma a ganina wajibi ne a faɗe ta. Hukuncin ƙarshe na idon mutum ne, shi ya sa rahotannin masana a Amurka a 2009 da 2016 suka nemi a ƙara auna yawan kuskuren da ake yi. Harsashin da ya ratsa kwano ya bugi siminti yakan rasa yawancin zanensa, balle wanda aka bi da wuƙa. Sannan idan babu bindigar da za a gwada, babu abin da za a kwatanta shi da shi.

Na naɗe nawa a auduga cikin kwalin ashana na miƙa wa hukuma. Da yamma Baba ya ja ni zuwa filin da aka yi bikin ko za mu sami kwanso, muka tarar yaran unguwa sun riga mu tsince su, suna busa su kamar usur. Daga nan muka wuce gidan uban ango, domin shi ya san wanda ya riƙe bindiga a daren.