Abin da bin diddigin kuɗin asibiti ya koya mini game da 'yan majalisa

Mafi yawanmu a Zariya mun san ɗan majalisa ta fuska biyu: mai yin doka, da kuma mutumin da ake sammako ƙofar gidansa da takardar magani a hannu. Aikinsa na uku, wato sa ido a kan yadda gwamnati ke kashe kuɗin jama'a, ba kasafai muke tambayarsa a kai ba. A Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, na fara karanta wannan aiki lokacin da nake nazarin harkar mulki, amma na san nauyinsa ne bayan na shiga aiki da wata ƙungiya mai bibiyar kuɗin ƙananan asibitocin unguwanni.

A rubuce, ikon yana da faɗi. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya damar bincikar kowace ma'aikata da ke aiwatar da doka ko kashe kuɗin da majalisa ta amince da shi, domin bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan dama. Kwamiti na iya kiran kwamishina ko babban sakatare, ya nemi takardu, har a ba da sammacin kawo wanda ya ƙi amsa kira. Sai dai majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, kuma matsayar da ta cimma a zaure sau da yawa shawara ce ga ɓangaren zartarwa. Ƙarfinta na gaske yana wajen kuɗi, tun da ba a taɓa baitulmali sai da amincewarta.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne kuɗin lafiya lissafi uku ne, kuma mu mun fi jin na farko. Akwai abin da aka ware a kasafi, akwai abin da aka saki, akwai kuma abin da ya iso asibiti ya zama magani ko albashin ungozoma. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Jihar Kaduna na cikin jihohin da suka sha kai wa wannan adadi, kuma abin a yaba ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗan majalisar da ya tsaya a kan abin da aka ware ya yi tambaya mai sauƙin amsa. Wanda ya ce a nuna masa nawa aka saki zuwa ƙarshen watan Satumba, a kan wane aiki, shi ne ya sa jami'i buɗe fayil.

Tarihin asusun kula da lafiya a matakin farko ya isa misali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wannan asusu. Doka ta tabbata, amma kasafin 2015 da na 2016 da na 2017 duk suka wuce ba a sa kuɗin ba. Sai a kasafin 2018 Majalisar Tarayya ta saka kimanin naira biliyan 55, bayan matsin lamba daga likitoci da ƙungiyoyin farar hula. Ko da kuɗin ya fara sauka kai tsaye a asusun asibitoci, abin da kowane ɗaya ke samu a lokacin bai wuce kimanin naira dubu 300 a wata uku ba. Kaɗan ne, amma a asibitin unguwa yana sayen safar hannu da auduga, yana gyara famfo, yana sa wuta a ɗakin haihuwa. Idan ya makara, mai naƙuda ce ake rubuta wa jerin kayan da za ta sayo.

Na halarci ziyarar sa ido iri biyu. Akwai wadda ake sanar da ita tun da wuri, a share harabar asibiti, a jera kujeru, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Akwai kuma wadda na gani a wani asibiti a bayan gari, inda wani ɗan kwamiti ya wuce kujerun ya nemi rajistar masu awo da katin ajiyar magani da jadawalin masu kwana. Ya tambayi shugabar asibitin, "Hajiya, wa ke karɓar haihuwa idan ta zo da tsakar dare?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce da safe, ni ce da dare. Idan na tafi gida sai a buga mini waya." Wannan amsa ta fi kowane jawabi amfani a ranar, domin ta nuna cewa matsalar wurin ta ma'aikata ce, alhali abin da aka sa masa a kasafi katanga ce da fenti. Jihar Kaduna na da gundumomi 255, kuma manufar ita ce kowace ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Gini ana ganinsa daga titi. Ko akwai ungozoma a ciki da dare, sai wanda ya duba jadawali ya sani.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ma ilimi ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na tarayya ne, don haka maganarsa ta sanata ce da ɗan majalisar wakilai, kuma tun 2023 wakilin Zariya, Abbas Tajudeen, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan na jiha ne, maganarsa tana majalisar dokokin jiha, a zauren Lugard da ke Kaduna. Ƙananan asibitoci kuwa suna tsakanin hukumar jiha da ƙaramar hukuma. Koke mai kyau yakan mutu saboda kawai an kai shi inda ba shi da hurumi.

Akwai abin da ke damuna game da mu talakawa, kuma ba zargi nake yi ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Wanda aka rubuta wa matarsa tiyata ba shi da lokacin jiran zaman kwamiti, dole ya nufi gidan Honarabul, kuma Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka. Amma idan da wannan kaɗai muke auna wakili, to mun sallame shi daga aikin da babu mai iya yi sai shi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun masu rauni. A jiha muna da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Mutum nawa aka yi wa rajista a Tudun Wada ko Samaru, ta yaya aka zaɓe su, kuma suna samun magani idan sun nuna kati? Ɗan majalisa ɗaya da ya nace a kan waɗannan tambayoyi zai sauke wa gidaje da yawa nauyin da kyautarsa ba za ta taɓa kai wa gare su ba.

Shi ma wakilin yana buƙatar a taimake shi. Mafi yawansu ba likitoci ba ne, ba akantoci ba ne, kuma jami'in da ke gabansu ya shekara da shekaru yana riƙe da fayil ɗin. Shi ya sa muka daina kai doguwar takardar koke. Shafi ɗaya muke rubutawa: sunan asibiti, abin da kasafi ya ce, abin da shugaban kwamitin ci gaban gunduma ya gani a takardar banki, da tambaya guda da muke so a yi wa kwamishina. Mukan kai shi kafin lokacin kare kasafi, a ƙarshen shekara, lokacin da ma'aikatu ke neman amincewar majalisa kuma kunnensu ke buɗe.

Inda aikin ya fi rauni shi ne bayan an tashi daga zama. Jami'i ya yi alkawari, an rubuta rahoto, sai zaɓe ya zo a sauya 'yan kwamiti, sababbi su fara daga farko. Saboda haka kowace takarda kwafi biyu muke yi, ɗaya ga Honarabul, ɗaya ga magatakardan kwamiti, wanda ma'aikaci ne da ba ya tafiya da zaɓe. Idan shekara ta zagayo, a wurinsa muke neman abin da kwamishina ya ce bara, mu haɗa da sabon shafinmu.